Kira Ga Malamai Da Fatake Bisa Ga Awon Ido

 Nufina yau in yi magana bisa ga wata al'ada tamu wadda na daɗe ina ganin kuskure ce, watau ba mu kai ido wurin likita sai ya yi ciwo ko ya dushe.

Kowa ya san abin da kan faru kadan mutum ya kai shekara 40 ko ya ɗara. Malami ya buɗe littafi, sai ya ga ɗigo ya haɗe da ɗigo, wasali ya ɓace, ya yi ta nesanta takarda da fuskarsa har tsawon hannu ya ƙare. Sa'an nan ya tafi kasuwa wurin mai tallan tabarau, ya yi ta gwadawa har ya sami wanda ya fito masa da baƙi, ya biya, ya komo gida yana murna. Ni ban ga laifin tabaran nan ba, gama wannan tsufan ƙwayar ido ne, gilashi kuwa shi ne maganinsa. Laifin da na gani shi ne mutum ya zaci da sayen tabarau ya gama da sha'anin idonsa, alhali mai talla ba shi da ikon leƙa cikin ido.

Akwai wata cuta wadda likitoci ke kira gilakoma, mutanenmu kuwa suna ce mata hawan jinin ido, ko da yake ba jini ne ke hawa ba. Ruwa ne a cikin ido, kullum sabo yana tsattsafowa, tsohon yana fita ta wata 'yar magudana. Kadan magudanar ta cushe, sai ruwan ya taru ya yi matsi, jijiyar da ke kai gani ga ƙwaƙwalwa ta riƙa mutuwa sannu sannu. Galibi babu zafi, babu ja, babu hawaye. Duk wanda ya taɓa ajiye littattafai a ɗakin ƙasa ya san aikin gara: takan shiga ta gefe, ta cinye hashiya, matani yana nan lafiya lau, mai littafi yana zaton dukiyarsa tana nan. Haka cutar nan take. Ganin gefe take soma ci, mutum yana karanta ƙananan baƙaƙe, yana ƙidaya kuɗi bai ɓata ko kwabo ba, amma yana tuntuɓe da buta, babur ya fito masa ta gefe bai gan shi ba. Ido ɗaya kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ran da ta iso tsakiya, abin da ta ci ya tafi ke nan, babu magani ko aiki ko gilashi da zai rayar da jijiyar da ta mutu.

Kada a ce abin kaɗan ne. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta a Nijeriya duka, aka auna mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka sami biyar cikin ɗari suna da wannan cuta. Cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai shida cikin ɗari ba, ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Bayan yanar ido, babu abin da ya kai ta makantar da mutanenmu, kuma ta fi kama baƙar fata da wuri, tana bin zuriya.

Ita yana da sauƙi, domin likita yakan fid da ita ya sa ƙwayar roba a gurbinta, gani ya komo. Sai dai a kiyayi masu yawo ƙauye ƙauye suna tura yana cikin ido da tsinke. Binciken nan ya sami kusan uku cikin huɗu na idanun da aka yi wa haka ba su gani.

Wata fa'ida kuma ta wuce ido. Tun 1851, da wani Bajamushe mai suna Helmholtz ya ƙago madubin leƙa bayan ido, likita yana ganin jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru a wurin ba tare da ya tsaga fata ba. Ciwon sukari da hawan jini suna barin sawunsu a kansu, har sau da yawa likitan ido ne ke fara gaya wa mutum ya je a auna jininsa, tun cutar ba ta taɓa ƙoda ko zuciya ba. Mai ciwon sukari kuwa lalle ne a duba idonsa kowace shekara.

Na san masu cewa, kadan an je za a tono cuta, sa'an nan a ɗora wa mutum sayen maganin ɗigawa har iyakar ransa. Gaskiya ne maganin yana da tsada, kuma ba a barinsa, sai fa in likita ya ga aiki ya fi dacewa. Amma ya kai ɗan kasuwa, yaushe ka taɓa ƙin ƙidaya kayan rumfarka don tsoron kada ka ga giɓi? Ka kuma lissafa abin da za ka biya in ka koma sai yaro ya ja maka sanda, wani ya riƙe maka littafin bashi. Alaramma da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa sau uku ko huɗu, na sha ganin irinsa zaune a zaure, haddarsa tana nan daram, alƙalami ya gagare shi.

To, wanda ya kai 40, ya tafi tun idonsa yana lafiya, ya riƙa komawa bayan shekara ɗaya ko biyu. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano wanda ke aiki tun 1943, akwai sashen ido a asibitocin koyarwa. Kada ya tsaya ga karanta allon bango kaɗai. Ya roƙa a auna matsin ruwan idonsa, a kuma leƙa jijiyar, gama wani matsinsa daidai ne amma jijiyar tana lalacewa. Za a ɗiga masa abin da zai buɗe ƙwayar, ganinsa ya yi hazo na 'yan sa'o'i, saboda haka kada ya hau babur ya tuƙa kansa a ranar. Ya kuma faɗi duk maganin ƙaiƙayin ido da ya saba saye a kemis, domin waɗansu daga ciki suna ɗaga matsin nan. Kadan an sami cutar gare shi, ya aika wa 'yan'uwansa na ciki ɗaya da manyan 'ya'yansa, su ma su je a duba su.