Sharhi: A Fitar da Ɗaliban Bahindi Su Tona Ƙasa



Ƙaramar hukumar Bagudo, wadda Kogin Kwara ya ratsa bayan ya baro iyakar Benin, ƙasa iri biyu gare ta: lakar fadama ta shinkafa, da jigawar tudu ta gero da dawa da wake. Amma da damina ta faɗi, taki iri ɗaya ake saya wa duka biyun, NPK da yuriya, a watsa bisa kintace. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015, zancen taki bai bar bakin manomi ba, sai dai ƙasar da za a zuba shi a kanta ba a cika tambayar lafiyarta ba. Alhali yuriya, duk da kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, idan ya sauka a rairayin da ya rasa takin gargajiya, ruwa mai ƙarfi kan tafi da shi inda saiwa ba ta kaiwa. Kuɗi ya salwanta, wuta-wuta ta samu gona.

Shi ya sa muke ganin darasin aikin gona a makarantun Bahindi da ke Bagudo ya kamata ya sauko daga allo. Aikin ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ɗalibai su ratsa gona a karkace, su tona wuri kamar 15, zurfin santimita 20, suna kauce wa gindin itace da tsohon juji, su cakuɗa a bokiti mai tsabta, su shanya a inuwa. Sannan su zuba kaɗan a kwalba da ruwa su girgiza. Rairayi zai kwanta cikin minti ɗaya, laushin ƙasa ya biyo bayan awanni, yumɓu kuwa sai ya kwana ruwan bai washe ba. A jera kwalbar fadama da ta tudu, yaro zai ga da idonsa dalilin da ya sa ɗaya ke riƙe ruwa ɗaya ke sakinsa.

Wani uba zai ce ya kai ɗansa boko ne don ya huta da fartanya. To, ai jarabawar WAEC kanta tana da gwajin aikin gona, kuma ƙasa na cikin abin da ake ajiye wa ɗalibi a gaba. Wani kuma zai ce dattawa sun san ƙasarsu tun kafin boko. Wannan gaskiya ce, kuma tsohon da ke murza ƙasa a tafinsa ya faɗi abin da za ta yi, malami ne da ya kamata a gayyato aji. Sai dai ido ba ya ganin tsamin ƙasa ko ƙarancin fosfaras, kuma ambaliya irin ta 2020 kan bar yashi inda dā laka take. Nan ne samfurin da yara suka ɗauka daidai zai yi amfani, idan malaman gona na hukumar KARDA ta jihar Kebbi suka kai shi awo.

Muna kira ga shugabannin makarantu da iyaye da hukumar ilimi ta Bagudo: ranar 5 ga Disamba, Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, tana zuwa bayan kaka, gonaki a buɗe. A ba kowane aji bokiti da fartanya da kwalba, a fitar da su.