Abin da binciken wata masaniyar tattalin arziki ya nuna kan cinikin hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi

Duk lokacin da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar, mutanen Jibiya da ƙauyukanta irin su Riko na cikin waɗanda ke fara jin raɗaɗin a kasuwa. Sun ɗanɗana hakan a watan Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kafin Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar a Maris 2024.

Tambayar ita ce, nawa iyakar ke ƙara wa farashin buhun gero ko na wake?

Farfesa Jenny Aker, Ba'amurkiyar da ta yi digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta kuma shafe shekaru tana koyarwa a Jami'ar Tufts, na cikin masanan da suka auna wannan. Fanninta shi ne tattalin arzikin ƙananan 'yan kasuwa da magidanta, inda ake bin farashi kasuwa-kasuwa.

Ta fara yin suna da binciken da ta wallafa a 2010, wanda ya nuna cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, ɗan kasuwa na iya jin farashi kafin ya yi lodin mota.

A 2014, ita da abokan aikinta uku sun duba farashin gero da wake a ɓangarorin iyakar biyu. Sun gano cewa tsallaka iyakar kaɗai na sauya farashi da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Sai dai giɓin na raguwa sosai idan ƙabila ɗaya ce ke cin kasuwannin biyu. Har a cikin Nijar kanta, bambancin da ke tsakanin kasuwannin Hausawa da na Zabarmawa ya yi kusa da na iyakar ƙasa da ƙasa.

Masu binciken sun danganta hakan da sauƙin fahimtar juna da kuma bayar da kaya bashi.

Nan ne darasin yake ga Jibiya. Jarin da ya fi tsada a hanyar Katsina zuwa Maraɗi shi ne amana: dillalin da ya san mai kaya, da ɗan kasuwar da ke ba da buhu ɗari sai kasuwa ta zagayo a biya. Rufe iyaka na watanni kan tsinke wannan igiya. Bashi ya maƙale, kaya su koma bin hanyoyin daji inda ake fama da 'yan bindiga, kuɗin dako ya ƙaru, daga ƙarshe mai sayen tiya ɗaya ne zai biya.

Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS, kuma ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya, ya kamata hukumomin ƙasashen biyu su saka wannan asara a lissafi kafin su sake garƙame ƙofa.