Ku tambayi kansilanku nawa ake biyan mai kula da tsofaffi

'Yan'uwa Hausawa mazauna Landan da sauran garuruwan Ingila, musamman ku da kuke fita kafin asuba cikin sanyi kuna hawa bas zuwa gidajen tsofaffi, da ku masu shara a ofisoshi da masu gadi, wannan kira naku ne. Akwai haƙƙi da ke kwance a ƙofar ƙaramar hukumarku, kuma yawancinmu ba mu taɓa zuwa nemansa ba.

Gwamnati tana da nata mafi ƙarancin albashi da doka ta wajabta, wanda ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama. Amma akwai wani ma'auni dabam, wato albashi mai riƙe gida, da gidauniyar Living Wage Foundation ke fitarwa duk shekara, bisa abin da haya da abinci da kuɗin mota suke ci a zahiri. A Oktoban 2024 ta yanke fam 12.60 a faɗin ƙasa, da fam 13.85 a Landan. Kada wani ya ce muku ratar ba ta taka kara ta karya ba. Ga mai aikin awa 40 a mako a Landan, ta haura fam 3,000 a shekara. Kuɗin da za a tura wa iyaye a Kano ko Kumasi ke nan, ko a huta da aikin dare na biyu.

Wannan ma'auni ba daga sama ya faɗo ba. A 2001 ne masallatai da coci-coci da makarantu da ƙungiyoyin ƙwadago na gabashin Landan suka haɗa kai, bayan iyaye sun yi ta kukan cewa suna aiki biyu ko uku amma ba sa ganin 'ya'yansu a farke. A 2003 wani mai sharar dare a hedikwatar bankin HSBC ya miƙe a taron masu hannun jari ya fuskanci shugaban bankin gaba da gaba kan albashinsa. A 2005 magajin garin Landan, Ken Livingstone, ya fitar da ma'aunin farko na birnin, fam 6.70. A 2012 ƙananan hukumomin Islington da Lewisham suka zama na farko da suka karɓi shaidar biyansa. Brent kuwa a 2015 ta fara rage wa 'yan kasuwa haraji idan sun yarda su biya ma'aikatansu haka. Masu tsintsiya ne suka fara wannan tafiya, ba masu kwat ba.

To ina gizo ke saƙar? A kwangila. Ƙaramar hukuma na iya bugun ƙirji ta ce tana biyan ma'aikatanta albashi mai riƙe gida, alhali aikin kula da tsofaffi ta ba wa kamfani, kamfanin kuma ya ɗauke ki a kan mafi ƙarancin doka. Ki yi wa dattijuwa wanka, ki canza mata zanin gado, ki ba ta magani cikin rabin awa, sannan ki tsaya a tasha cikin ruwan sama kina jiran bas zuwa gida na gaba, a ƙarshen wata ki duba takardar albashi ki ga lokacin tafiyar nan babu shi. Alhali a doka, tafiya tsakanin gidan wannan da na wancan lokacin aiki ce. Shi ya sa ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta fito da yarjejeniyar kula ta adalci a 2012, wadda ta ƙunshi biyan lokacin tafiya da albashi mai riƙe gida, kuma Islington da Southwark suka riga kowa sa hannu. Taku hukumar ta sa?

Na san abin da ke ɗaure bakin mutane: biza tana hannun kamfani. Tsoro ne mai dalili. Amma ba wajen manaja nake cewa ku je ba. Ku je wajen wanda ya ba shi kwangilar da harajin gidan da kuke biya.

Kuma kuna da makami. Najeriya da Ghana da Kamaru duk suna cikin Commonwealth, don haka ɗan waɗannan ƙasashe da ke zaune bisa izini yana da ƙuri'a a zaɓen kansiloli. Ku yi rajista ta intanet, ba ta ɗaukar lokaci. Ku riƙe katin shaida mai hoto ranar zaɓe, domin tun 2023 ana buƙatarsa a Ingila. Kansiloli suna da ranakun zama don sauraron jama'ar unguwa. Ku tafi ku goma, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tambayi kansilanku ko hukumarsa tana da shaidar gidauniyar, ko ta shafi ma'aikatan kwangila, da kuma ranar da za ta shafe su. In ya yi ta kewaye-kewaye, ku rubuta wa hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, wadda ta ba ta kwanakin aiki 20 ta amsa.

Limamai, ku ba da minti biyar bayan sallar Juma'a a yi wannan sanarwa. Shugabannin ƙungiyoyinmu, a taro na gaba ku ajiye kwamfuta a bakin ƙofa, kada kowa ya wuce wurin abinci sai ya yi rajistar zaɓe.