A Riƙa Bin Sawun Ma'aikatan Tazarar Haihuwa a Birnin Zazzau

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya. Sakamakon da aka buga a 1985 ya nuna cewa matan da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ba su je awo ba, da masu ƙarancin shekaru, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Saboda haka batun tazarar haihuwa a Birnin Zazzau batu ne na ceton rai.

A 2011 Gwamnatin Tarayya ta mai da magungunan tazara kyauta a asibitocinta da na jihohi, sa'an nan a 2014 ta yarda ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci su riƙa sa wa mata ashanar hannu da robar mahaifa, aikin da a dā sai likita ko ungozoma. Wannan mataki ya kawo taimako kusa da gida, amma kuma ya ɗora wa ƙananan ma'aikata nauyi mai girma.

Ashana idan ta nutse cikin tsoka, cire ta sai an sha wuya. Roba tana bukatar kayan aiki da aka dafa sosai. Ƙwaya ba a ba da ita sai an auna jini. Uwa uba, allura da ashana sukan rikita al'ada, abin da ya shafi sallar mace da azuminta. Idan ma'aikaciya ba ta yi wannan bayani tun farko ba, matar za ta koma gida cikin damuwa, maigida ya fusata, labari ya bazu a gidan suna. A cikin ganuwa, inda kowa ya san kowa, kuskure ɗaya ya isa ya kori matan unguwa guda, kuma a cikinsu akwai wadda wani cikin zai iya halaka ta.

Kwas na mako guda a otal, da takardar shaida da kuɗin zama, ba ya gyara hannu. Mai sa ido da zai zo ya ƙirga sunaye a rajista ya tafi, shi ma bai tsinana kome ba. Shirin NURHI, wanda Zariya ke cikin garuruwa shida da ya fara aiki a cikinsu, ya riga ya gwada koyar da ma'aikata a inda suke aiki, kuma hanyar da ta dace ke nan.

Kamata ya yi Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kaduna, tare da Ƙaramar Hukumar Zariya, su tsara yadda ƙwararrun ungozomomi daga Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan za su riƙa zagaya ƙananan asibitocin birni, kamar na Babban Dodo, kowane wata. Su zauna, da izinin mai neman magani, su ga yadda ake aiki, su yi gyara a keɓe ba tare da kunyatarwa ba, su duba kayan aiki da magunguna. A tabbatar duk wadda ta iya sa ashana ta iya cire ta, a kuma daina yi wa waɗanda aka horar canjin wurin aiki barkatai.

Matar da ta fito daga gida da yardar mijinta ta ba da amana ce. Wajibi ne hukuma ta tabbatar hannun da zai karɓi amanar ya ƙware.