Barin Nama Ba Laifi Ba Ne, Amma Me Za A Ci A Madadinsa?



Kwanan nan maganar barin cin nama ta yawaita a tsakaninmu. Wasu likita ne ya ce su rage saboda hawan jini ko ciwon zuciya, wasu kuma tsada ce ta raba su da shi. A ganinmu, mutum zai iya zama lafiya ƙalau ba tare da nama ba, amma da sharaɗi.

Amfanin ba ɓoyayye ba ne. Mai yawan cin wake, ganye da 'ya'yan itatuwa yana rage kitsen da ke toshe hanyoyin jini, kuma cikinsa ba ya yawan ɗaurewa. A shekarar 2015, masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun bayyana cewa naman da aka sarrafa, irin su tsiran alade, yana haddasa ciwon dajin hanji, kuma mai yiwuwa ne jan nama ma yana da hannu.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne, a gidaje da yawa idan an cire nama ba a saka komai a gurbinsa. Garin rogo da safe, farar shinkafa da rana, tuwo da miyar da babu komai da dare, wannan cika ciki ne kawai. Akwai kuma bitamin B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa; yana cikin nama, kifi, ƙwai da nono. Rashinsa na kawo ƙarancin jini, kasala da mutuwar yatsun hannu da ƙafa. Masu juna biyu, masu shayarwa da ƙananan yara su suka fi shiga haɗari.

Abin farin ciki, maganin yana cikin girkinmu na gado: wake, ƙosai, alala, awara, ƙuli-ƙuli, daddawa, zogale da alayyahu. A haɗa da ƙwai ko kindirmo ko ɗan busasshen kifi. A sha lemon zaƙi bayan cin wake, domin yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin da ke ƙara jini, shayi kuwa a ɗan jinkirta shi, saboda yana rage hakan.

Muna roƙon magidanta, idan ƙwai ɗaya ya samu a gida, a fara da mai ciki da yaro kafin kwanon maigida. Wanda kuma ya yanke shawarar barin duk abin da ya fito daga dabba, ya fara ganin likita tukuna.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.