Jirgin Ƙasa: Ina Rabon Dutsin-Ma da Kurfi?

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, duk wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi ya san jirgin ƙasa a labari ne kawai, ko a hoton littafin makaranta. Yau shekara fiye da ɗari ke nan ana shimfiɗa dogo a Arewa, amma ko taku ɗaya bai ratsa ƙasarmu ba. Ya kamata mu tambayi dalili.

Dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, na Kano kuma ya kai Nguru a 1930. Kowa ya dubi taswira zai gane manufar Turawan mulkin mallaka: inda gyaɗa da auduga da fatu suke, nan dogo ya nufa, domin a kwashe su zuwa bakin teku. Fasinja ɗan rakiya ne. Duk da haka talaka ya ci moriya, gama da kuɗi kaɗan ɗan kasuwa da ɗan makaranta suka riƙa zuwa Ikko. Da ciniki ya koma kan man fetur, manyan motoci suka cika hanya, sai aka bar reluwe ta lalace.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mun yi murna, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Tsohon dogo yana kudancin jiha, sabo ya bi ta arewa, tsakiya kuwa ta tashi a tutar babu. Alhali a Dutsin-Ma akwai Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga manoman rani a gefen madatsar ruwa ta Zoɓe. Waɗannan duka mutane ne masu tafiya, kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama musu ƙarfen ƙafa.

Ra'ayina shi ne a tsara reshe daga Katsina, ya biyo ta Kurfi da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, ya haɗu a Zariya da sabon dogon Kano zuwa Kaduna. Wani zai ce ina kuɗi, ina tsaro? Gaskiya ne, ba mu manta da harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022 ba. Amma hanyar mota ma ba ta tsira ba, kuma ba a ce a daina bin ta ba. Batun kuɗi kuwa, ba mu ce a gama gobe ba. Mun ce a auna hanya, a keɓe fili, a sa mu cikin tsari. Kafin nan, gwamnatin jiha ta tanadi motocin haya masu rahusa da za su riƙa kai mutanenmu tashar Katsina daidai lokacin tashin jirgi.

Tun ran gini ake zane. Ƙungiyar ɗalibai ta rubuta wa wakilanmu na majalisa, ku kuma ma'aikatan da ke rubuta takardun tsare-tsare ku tuna da gida. Turawa sun shimfiɗa dogo domin kaya. Idan wannan karon domin mutane ake yi, to, mu ma mutane ne. Allah Ya sa a ji.