Waliyyi ko Kura? Abin da Labarin Osej Ke Faɗa wa Masu Fassarar Doka

A watan Mayun 1921 aka tsinci gawar Anna Brown a wani kwazazzabo kusa da garin Fairfax, a jihar Oklahoma ta Amurka, an harbe ta a ka. Wata biyu bayan haka mahaifiyarta Lizzie ta cika, ana zargin guba aka ba ta. A watan Maris na 1923 aka tashi gidan ƴar'uwarta Rita da nakiya cikin dare. Duk wadda ta mutu a gidan, kasonta na kuɗin man fetur sai ya gangaro kan Mollie, ƴar'uwarsu da ta rage, matar wani Bature mai suna Ernest Burkhart. Kawun mijin nata, William Hale, shi ya kitsa makircin. An yanke masa ɗaurin rai da rai, amma a 1947 aka sallame shi.

Wannan shi ne ɓangaren da littafin David Grann na 2017 da fim ɗin Martin Scorsese na 2023 suka yayata. Ɗalibin ilimin harsuna kuwa ya kamata ya waiwayi abin da ya riga bindiga zuwa, wato kalma.

Al'ummar Osej da kuɗinsu suka sayi ƙasar da suka zauna bayan an taso su daga Kansas. Dokar 1906 ta bar arzikin ƙarƙashin ƙasa a hannunsu baki ɗaya, aka raba amfaninsa kaso 2,229, kowane mutum ɗaya, kuma ana gadonsa. A 1923 kaɗai abin da ya shigo musu ya kai kimanin dala miliyan 30. To, sai dai tun a 1921 Majalisar Amurka ta tanadi cewa mai rinjayen jinin Osej ba ya iya riƙon dukiyarsa sai ya tabbatar da akasin haka, aka naɗa masa majiɓinci, galibi lauya ko ɗan kasuwa farar fata. Dattijo mai jikoki sai ya nemi izni kafin ya taɓa kuɗinsa. An ba kura ajiyar nama, kuma kotu ce ta miƙa mata.

Mai fassara zai yi saurin kiran wannan majiɓinci "waliyyi", wanda aka yi wa shamaki kuma "safihi". A nan tarkon yake. A fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Damagaram suka daɗe suna karantarwa, ana hana mutum dukiyarsa ne saboda ƙuruciya, ko taɓin hankali, ko almubazzarancin da aka gani da ido, kuma da ya shiryu sai a mayar masa. Dokar 1921 ba hali ta auna ba, jini ta auna. Wanda ya sa mata rigar "waliyyi" ya ara mata mutuncin da ba ta da shi, mai sauraro kuma ya saki jiki.

Ba wanda ke cewa an yi irin wannan kisa a Damagaram, kuma a Nijar arzikin ƙarƙashin ƙasa ba na wata ƙabila ba ne, yana hannun hukuma. Kamar tana wajen takarda. Tun 2011 matatar Soraz da ke arewa da Zinder ke tace ɗanyen man Agadem, ganga dubu 20 a yini bisa tsarinta, kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin, kashi 40 na Nijar. Doka ta ware wa ƙananan hukumomin yankunan da abin ya shafa kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen mai da ma'adinai. Mutum nawa ne a kasuwar Dogo suka taɓa jin wannan tanadi da harshen da suke ciniki da shi? Haƙƙin da mai shi bai san sunansa ba, da wuya ya nemi bahasinsa.

Batun gona ya fi kusa. Tun dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye masu ba da takardun shaida. Manomin Dogo ya san bambancin aro da haya, da jingina, da kyauta, da sayarwa, ba ya bukatar malami a kai. Amma takardar da zai dangwala wa yatsa da Faransanci take, tafinta ne tsakaninsa da ita. In aka rubuta sayarwa aka karanta masa jingina, jikokinsa ne za su gano, lokacin da shaidu sun ƙare. Haka kalmar "diyya": a kunnen Bahaushe tana ɗauke da ma'anar an biya, an rufe magana. Shin abin da dokar karɓar fili don amfanin jama'a ke nufi ke nan, ko akwai damar ƙorafi da kalmar ta haɗiye?

Kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna, ta kuwa dace. Sai dai muddin kwangila da hukunci da takardar fili suna harshen aiki, matsayin bai sauko ƙasa ba. Sassan ilimin harsuna ne ya kamata su zauna da alƙalai, da malaman fiƙihu, da masu gari, su tantance kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, kafin wani mai gaggawa ya ƙirƙiro su a ofis. Kundin digiri a kan kalmomin mallakar ƙasa a Hausar Damagaram bai gaza wanda aka yi a kan karin sauti daraja ba.

Su Osej, sai a 1925 aka hana bare gadon kason masu rinjayen jininsu, bayan an binne mutane da dama. Sunan ma da duniya ta san su da shi daga bakin Faransawa ya fito. Su Wazhazhe suke kiran kansu. A 2006 Herman Mongrain Lookout ya tsara wa harshensu haruffa nasa na kansa, a lokacin da waɗanda suka tashi da shi a baki sun riga sun ƙare.